Sahun Baya

Tsoho Tie Baoshan mahauci ne, wanda a ƙuruciyarsa shi kaɗai yake saɓa cinyar bijimi ya kai rumfa. Shekara da shekaru, in ya fito daga sallar asuba ya ratsa lambun gindin ganuwar birnin Xi'an na ƙasar Sin, sai ya tsaya ya tsokani tsofaffin da ke taici, motsa jikin gargajiya na Sinawa, suna shafa iska a hankali. "Kun kama ƙudan kuwa?"

Bara ya faɗi a wurin alwala. 'Yarsa ta ce in ya sake faɗuwa za ta ɗauke shi zuwa gidanta, can bayan gari inda ba masallaci. Likita ya ce ƙafafun ne suka saki, maganinsu taici.

Ranar farko da ya je lambun koyo, ya jira sai da aka fara, ya lallaɓa sahun baya, ya ja farar hularsa har gira, yana kwaikwayon na gabansa. Abin da bai sani ba, duk daɗewarsa yana kallo, shi ne ana juyawa. Can sai kowa ya juyo a tare, shi bai juya ba. Ga fuskokin da ya yi ta yi wa dariya, duk suna dubansa. Ya juya a gurguje, ya zama shi ne a gaba, ba wanda zai kwaikwaya sai ganuwa. Ya tsaya hannu a sama.

"Yaya Tie," in ji Tsoho Hei mai gyaran keke, "naka ƙudan ya tsere ne?"

Ba a yi dariya sosai ba, wannan ya fi yi masa ciwo. Ya nufi ƙofar lambun.

"Kawu," Malama Sa mai koyarwa ta kira shi, "sabon shiga a tsakiya yake tsayawa. Duk inda aka juya akwai wani a gabansa."

Ya dubi tsakiyar, inda ba wurin ɓuya. Ya tuna gidan 'yarsa, ba kiran salla, ba wanda ya san shi. Ya dawo yana jan ƙafa, ya shiga tsakanin wasu tsofaffin mata biyu, kai a sunkuye.

"Ɗago kai, Yaya," in ji ɗayarsu a hankali. "In kana kallon ƙasa faɗuwa za ka yi."

Ya ɗago.