Duwatsu Uku na Gindin Tsamiya

Helma Ɗanjuma ya kore ni daga aiki a gaban maza arba'in saboda duwatsun murhu guda uku, alhali shi da bakinsa ya nuna min inda zan ɗora tukunya. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma bai yi min adalci ba. Ranar ta ƙi fita daga raina. Sai da na yi jika sannan na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun lokacin nake son in rubuta wannan saboda ku masu girkin ma'aikata na yanzu.

Wani rani ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. En'e, wato hukumar gargajiya, tana gyaran hanyar mota daga Tudun Wada zuwa Doguwa. Bature injiniya yakan zo sau ɗaya a wata, ya kafa turaku ya tafi. Helma shi ne shugaban leburori, shi ke ɗauka, shi ke sallama. A ƙarƙashinsa akwai masu diga, masu shebur, da masu ɗaukar tsakuwa a kwando. Ni ce mai tuwon sansani. Duk sanda hanya ta yi nisa, sai mu kwashe bukkokinmu mu bi ta.

Na ji daɗin aikin nan. Mai kalangu yana gaba, 'yan diga suna ɗagawa tare suna saukewa tare, har ƙasa na amsawa. Mutanen Bebeji suna tsokanar na Ƙafin Maiyaki, na Ba'awa suna raba faɗa. Da azahar kowa ya zo da akushinsa, in zuba tuwon dawa da miyar kuka, in kwaɗe hannun duk wanda ya kai wa tukunyata cafka. Uwar Tuwo suke ce min.

Wata Laraba muka sauka kusa da wani ƙauyen Maguzawa. Helma ya ce in je wajen tsamiyar can, akwai inuwa. Na tarar da wurin a share tas, an ɗaura farin zare a jikin bishiyar, ga baƙaƙen duwatsu masu santsi a jere. Na ce a raina matan garin nan akwai tsafta. Na ari diga na ɓamɓaro uku, na mirgina su gefe na haɗa murhu. Ban taɓa samun murhun da tukunya ta zauna daram kamar wannan ba.

Washegari aka je ɗebo ruwa a rijiyar ƙauyen, ita kaɗai ce ba ta ƙafe ba a yankin. Aka tarar an ɗauke guga, wata tsohuwa tana zaune a bakin rijiyar, ko gaisuwa ta ƙi amsawa. Kafin azahar diga ta tsaya, maza suna kwance suna haki. Sai ga shugaban ƙauyen, wani dattijo Tanko. Bai ɗaga murya ba. Ya gaya wa Helma cewa kowane dutse na wani kakansu ne daga cikin waɗanda suka sari dajin nan. A nan suke taruwa kafin shuka, a nan suke kai labarin haihuwa. Yanzu ga uku daga ciki ana tuƙa tuwo a kansu.

Helma ya tara mutane ya ce in ɗaure kayana, gobe motar tsakuwa ta sauke ni a Kwanar Dangora. Na tambaye shi wa ya tura ni gindin tsamiya. Ya ce inuwa ya ba ni, bai ba ni dutse ba. Mijina ya rasu, 'ya'yana biyu suna Kiru wajen mahaifiyata, aikin nan ne cinsu da suturarsu. Duk da haka ban roƙe shi ba. Na ce ni Musulma ce, dutse dutse ne.

Da la'asar ina ɗaure kaya, sai ga Kofur Sale, mai gadin kayan aiki, tsohon soja da ya yi yaƙin Boma. Ya ce, "Uwar Tuwo, an ce kin dafa kakannin mutane, ko ɗanɗano ba ki ba mu ba." Na ɗaga masa muciya. Ya yi dariya ya zauna.

Ya ce a Boma sun taɓa shiga wani sansani da sojan Japan suka gudu suka bari. A gefe suka ga wata ƙofa ita kaɗai, ba katanga, ba gida: ginshiƙai biyu, itace biyu a gicciye a sama, da igiyar ciyawa mai fararen takardu. Wuri a share kamar tsakar ɗaki. Abokansa suka so su faskara ta su dafa shayi. Wani fursuna ɗan Japan da ko duka bai sa shi magana ba, ranar ya durƙusa yana kuka. Tafinta ya ce a ƙasarsu kusan kowane gari yana da irinta tun kaka da kakanni. Wanda ya bi ta cikinta ya shiga wurin magabatansu da abin da suke girmamawa, kuma sai ya wanke hannu da baki tukuna.

"Kuka faskara?" na tambaye shi.

"Muka faskara," in ji shi. "Shekara goma ke nan, har yanzu ina ganin fuskar mutumin."

Na ce to ni ba zan je in yi wa dutse ladabi ba, kada in lalata sallata. Ya ce ba wanda ya ce in bauta wa komai, kayan mutane na ɗauka ban tambaya ba. Na ga gaskiyarsa. Mu ma'aikatan hanya baƙi ne duk inda muka sauka, kuma wurin da ka gani a share, akwai mai share shi. Daga ranar ban ƙara taɓa ko tsinke a sabon masauki ba sai na gai da masu wurin.

Da gari ya waye, na naɗa gammo na ɗora dutse na farko a ka. Sahu uku na yi, baƙin tukunya yana bin wuyana, leburori suna kallo. Ramukan suna nan yadda na bar su. Na cire takalmi na mayar da kowanne. Tsohuwar nan ta bakin rijiya tana tsaye a bayana.

"Ba haka yake kallo ba, 'yar nan," ta ce. "Juya shi wajen gona."

Na juya shi. Ta shafa shi da tafin hannunta, ta koma gida ta fito da guga.

Motar tsakuwa tana ta hon lokacin da na dire tulu cike a gaban Helma. Na ce masa ya tura a nemo min wasu duwatsun daga rafi, kuma wannan karon ya tambayi masu rafin, don tuwon rana ba zai tuƙa kansa ba. Motar ta tafi ba tare da ni ba.