Zanen Da Na Hana Ka Taɓawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, da safiyar Laraba, goma sha biyu ga watan Maris, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan jinyar kwana tara.

Shekara uku ke nan da na fara hawa matattakalar ɗakin da kake koyar da zane, a saman shagon mai gyaran agogo. Lokacin na yi ritaya daga gidan waya, ba ni da aikin yi sai damun iyalina. Ka dubi furfurata ka ce, "Ɗalibi ne, ko ɗalibi aka kawo?" Tun daga ranar ka laƙaba mini Autan Aji, alhali na girme wa kowa a wurin.

Ka manna mini hoton wani zane da aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce: butar azurfa, kofin gilashi, da lemon tsami da aka fere rabi, ɓawonsa na reto a bakin tebur. Ka ce in kwaikwaye shi da fentin mai. Ka rufe taga ɗaya da baƙin ƙyalle don haske ya shigo ta gefe guda, ka hana ni launi har wata biyu, sai ruwan ƙasa kawai. "Fara da duhu," ka ce, "haske zai zo daga baya." Har yau ina jin warin man fentin nan a hancina, kuma ina kewarsa.

Halinka ɗaya ne ya riƙa ƙona mini rai. Duk lokacin da na ga na kusa gamawa, sai ka zo ka sa babban yatsanka ka murza inuwar ƙarƙashin butar. Nan take sai butar ta zauna daram a kan tebur, ni kuwa in cika in batse. Bayan kowa ya yaba, sai ka miƙo mini wuƙar fenti in kankare zanen tas, in sake daga farko a kan yadin da nake zanen a kai. Sau shida muka yi haka. Ni kuma abin da nake so bai wuce zane guda wanda zan kai gida in ce wa jikokina ni kaɗai na yi shi ba.

A karo na bakwai na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, don girman Allah, wannan karon kada ka taɓa." Ka yi dariya, ka goya hannuwanka a baya, ka ce, "To, Auta ya girma." Mako biyar kana tsayawa a bayana, kana kallo kana gyaran murya, ba ka taɓa ba. Ranar da na gama ka ce in tafi da shi gida. Bayan mako biyu aka kwantar da kai.

Yanzu yana rataye a ɗakina. Butar kamar tana shawagi a iska, don inuwar ba ta zauna ba, kuma na san ka gani. Shidan da yatsanka ya taɓa duk na kankare su da hannuna. Wanda ya rage mini shi ne wanda na hana ka. Na sami abin da na nema, Malam, kuma wallahi ya yi mini ciwo.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan ajinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.