Ranar da Inna Ta Dube Ni

Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu na gefen Tama wannan yana nufin uwa ta haife ka sannan ta yi kamar ba ta san da zamanka ba. Inna ba ta kiran sunana, ba ta dubana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son ruwa sai ta fuskanci turmi ta ce, "A ce ma wancan randa ta bushe." Ko ba kowa a gidan haka take yi, har nakan ce wa ƙanwata turmin nan ya fi ni samun hirar uwata. Kunya ce, kuma ta riƙe ta fiye da duk matan garin. Na yi gemu, na yi aure, na haihu, ina nan a "wancan". Ban taɓa jin haushi ba, don tuwona kullum ya fi na kowa man shanu.

Ciwon ya same ta a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da ƙyalle ya yi wuya. Wani ƙullutu ya fito mata a maƙogwaro, ya yi ta girma har tuwo ya daina wucewa, fura ma sai an tsinka ta kamar ruwa. Wanzami ya yi tsaga, malam ya yi rubutu, aka jiƙa saiwoyi. Na ɗora ta a jaki har Madawa wurin lokotoro, likitan Turawa. Ya taɓa wuyan, ya girgiza kai, muka juyo.

Sai aka koma ɗura. Goggona, yayar babana, ita ce mai ludayi. Mata su danne hannuwa, ni in tallabi kai, goggo ta matse hanci ta zuba kunu yadda ake yi wa jinjiri. Inna ta shaƙe, ta yi ta tari har idanu su firfito, rabin kunun ya dawo ta hanci. Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi, ta sha." Maƙwabta kuwa sai yabo, wai gidanmu an san darajar uwa.

Wata rana da hantsi, mutane sun watse fadama dashen albasa, na shiga in juya Inna. Sai ta kama wuyan hannuna ta dube ni cikin ido.

"Kai," in ji ta. "Tahi wurin kawunka, ka amso mini abin da shika shahwa ma kibau nai."

Kawuna maharbi ne, dafinsa yana kayar da barewa kafin ta yi nisa. Na gane abin da take roƙo. Amma wallahi ba dafin ne ya fara kaɗa ni ba, wannan "kai" ɗin ne. Kunya ta rufe ni kamar na faɗo ɗaki na iske ta ba zane. Azaba ta kai matar nan inda ta ajiye abin da ta riƙe tun ranar da ta haife ni, kuma da hannuna a ciki, tunda ni ke riƙe kan.

Na dubi ƙasa na ce, "Inna, wanga ba ni iyawa. Rai na Allah na."

"Na sani," ta ce. "To ku bar danne ni. Ba jinjira nike ba."

Na je wurin liman ina kwana-kwana, wai wani mutum ne yake tambaya. Ya bar ni na gama ƙaryata. Ya ce dafi kisan kai ne, ko da mai ran ne ya roƙa. Abinci kuwa a miƙa wa majinyaci, in ya karɓa to, amma shi bai ga inda aka ce a shaƙe mutum ba. Da na tashi ya ƙara da cewa mutane za su yi magana.

Sun kuwa yi. Da la'asar goggo ta zo da ƙwaryar kunu, na tare ƙofa na karɓe ludayin. Ta fita tsakar gida ta ɗaga murya yadda har bakin rijiya za a ji: "Ku taho ku ga ɗan da ya gaji da uwa tai!" Daga ranar, in na wuce mata sai su yi shiru. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Na dinga bin bayan shinge zuwa garkata ta albasa kamar ɓarawon akuya. Da na ce Inna ce ta roƙa, da an rage mini. Amma sai in tona cewa ta nemi dafi, kuma a bakin ɗan farinta, wannan kuwa ba zan yi mata ba. Abin da ya fi cin raina, in na zauna ni kaɗai ba na iya rantsuwa cewa babu gajiyar a cikina. Har yau ba na iyawa.

Muka riƙa ajiye ƙoƙon kunu kusa da kanta. Wani lokaci ta kurɓa da kanta, wani lokaci ta kau da kai. Ƙanwata tana jiƙa mata leɓe da auduga. Tarin nan mai tsaga zuciya ya tsaya, tana samun barci.

Bayan ƴan kwanaki na shiga da safe na durƙusa, ina kwaɗayin ta sake dubana ko sau ɗaya, ta gaya mini ko daidai na yi. Da ta ji ni ne, sai ta laluba gefen mayafi ta ja shi kan fuskarta, ta juya wajen bango. Da ƴar muryar da ta rage mata ta ce wa ƙanwata, "A ce ma wancan shi tahi garka, albasa na son ruwa."

Na tashi na ɗauki guga na tafi, ina kuka a hanya. Ban gama ban ruwan ba aka aiko Inna ta cika.