Mai Mota Ta Hana

Shekara uku muka yi a gidanmu na Kwamba ƙarƙashin mulkin matar da ban taɓa sa wa ido ba. Lokacin garin namu yana amsa sunan Abuja, ba a riga an ɗauke sunan an kai wa sabon birni, an bar mu da Suleja ba. Maigidana direba ne, yana jan wata farar tasi tsakanin garinmu da Minna, amma ba tasa ba ce. Wata Hajiya mai fataucin goro ce ta ba shi haya, duk Juma'a ya kai mata balas, wato kuɗin hayar, mu ci tuwo da abin da ya rage.

Motar tana kwana a ƙofar gida lulluɓe da tampol sabo fil, ni kuwa bargona duk huji. Da safe kafin ya tambayi yadda yara suka tashi, sai ya zagaya ya gai da tayoyinta. Wannan bai dame ni ba, da ita muke ci. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dokokin mai ita.

Mai mota ta hana a ɗauki wanda bai biya ba, ko da matar direba ce. Ta hana ɗaukar amarya, wai lalle yana ɓata kujera. Ta hana kaza, ta hana daddawa. Ranar da yayansa ya zo aronta za su gaisuwar mutuwa, sai muka ji ashe har gidan makoki ta hana. Kullum maigida zai langwaɓe kai ya ce, "To ni ya zan yi? Zanen aro ba ya rufe katara." Har ta kai in yara suka ƙi wanka, na ce ga mai mota nan, sai su faɗa baho da gudu.

Da na haifi ɗana na uku, mahaifiyata, Inna, ta aiko daga Gauraka cewa za ta zo wankan jego, kuma tana so ta kawo mini tsohon turminta. Na roƙi maigida ya je ya ɗauko ta. Ya ce mai mota ta hana sauka daga hanya, turmi kuwa kada ma a kai mata zancen. Inna ta tako da ƙafa cikin damina, ta iso ƙafafu a kumbure, turmi ya zauna can. Na buɗe baki zan tsine wa mai mota, Inna ta daka mini tsawa.

"Kul! Amana ce a hannunsa. Ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai riƙon amana."

Shekara na zagayowa Inna ta rasu.

Bayan nan Hajiya ta aiko wa maigida cewa za ta sayar da motar: ko ya biya ta zama tasa, ko ya mayar. Na ɗauka zai yi tsalle. Ina! Yau ya ce makanike ya ce injin yana shan baƙin mai, gobe ya ce 'yan tasha sun ce mota in ta ji ta zama taka sai ta fara ciwo. Ya yi istihara, ya ce bai ga komai ba sai hayaƙi. Mutumin da ke goge gilashinta da hularsa, shi ne yau yake kushe ta kamar akuyar da ba ya son saya.

Da Hajiya ta gaji da jira, sai ga ta da kanta wata la'asar. Na fito ina tsammanin dodo, sai na ga 'yar tsohuwa mai tari, da ƙullin goro ta kawo mini. Ta zauna kan tabarma, ta ɗauki yaro tana masa wasa. Ni kuwa abin da ke cikina ba ya kwana.

"Hajiya, ba don in ɓata miki ba, amma dokokinki sun yi mana tsauri. Ko turmi a ce ba za a ɗauka ba?"

Ta dakata da taunar goro. "Wane turmi? 'Yar nan, ni abin da na sani balas ɗina ranar Juma'a. In ya ga dama ya sa jaki a gaba, ina ruwana?"

Daidai nan maigida ya yi sallama, ya gan mu, ya kuma gane an gama da shi. Da Hajiya ta tafi sai ya tsuguna yana kare kansa.

"Ke ba ki san dangi ba. Ranar da aka ji motar nan tawa ce, ta zama gonar gayya. Mai biki, mai suna, mai ciwon haƙori, duk a kaina. Wa zan ce ya hana?"

Gaskiya ɗaya ce, na san dangin nasa, kuma na san nawa. Da ya tsaya a kaza da daddawa da na yi dariya na bar shi.

Na ce, "Inna fa?"

Ya dubi ƙasa. Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba, don tsohuwar nan har ta koma ga Allah tana sa masa albarka a kan ƙarya.

Inna ta bar mini saniya ɗaya a hannun Fulani. Na sa aka sayar, na haɗa da adashina, na kai wa Hajiya da hannuna. Maigida ya cika sauran, ba gardama, hayaƙin istihara ya washe.

Washegari na ce mu je Gauraka. Aka fito da turmin daga ɗakin Inna, duk yanar gizo, maigida ya buɗe but ɗin motar zai saka. Na ce a'a, gaba. Ya ɗora shi a kujerar da ke gefensa, ni na shiga baya da goyo. Muka ratso ta bakin tasha, abokansa suna tafi suna tambayar nawa fasinjan ya biya. Kunya ta kama shi, ya taka mai.

Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Tafi a hankali. Tsohuwa ce, ba ta taɓa shiga motar nan ba."