Sabon Kan Dogo

Baba Tsani ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi ba a ganin sa a gidan tarihi sai da tsani a kafaɗa. Aikinsa goge ƙura daga ƙasusuwan wata dabba da ta shuɗe tun kafin mutane, wai ita dainoso, mai cin ganye, wuyanta har rufin zaure. Sunan da ke kan allo ya fi ƙarfin bakinsa, shi dai Dogo ya sani.

Daga wutsiya yake farawa, ya ƙare a kai. Can sama babu mai ji, sai ya saba yi wa kan hira. Auren 'yarsa, ciwon gwiwa, fitinar maƙwabci, duk Dogo ya sha labari. Da uwar yara ta rasu, a gida idonsa ƙamas, a kan tsani ya yi kukansa. Can kaɗai yake ambaton ta, don da ya kama zancenta 'ya'ya ke sauya magana.

Ran nan ya zo ya tarar da Dogo ba kai, an cire shi an sa a akwati.

Shugabar gidan ta ce, "Baba, bincike ya nuna kan nan na wata dabba ne. Masu haƙo ƙasusuwan ne suka haɗa shi da jikin bisa kuskure. Za a mayar da shi inda aka samo shi, a sa wanda ya dace."

"To, ranki ya daɗe, wanne ne Dogon? Na cikin akwati ko na tsaye?"



Su masu bincike ai ba ruwansu, sun gyara abinsu sun kama gabansu, sun bar tsoho da ɗaurewar kai. Ashe duk shekarun nan baƙo yake kwance wa cikinsa? In baƙo ne, me ya sa tafiyarsa ta yi masa ciwo haka?

Aka ɗora sabon kai, siriri, mai haƙora kamar matsefi. Baba ya yi kwanaki yana gogewa zuwa wuya ya sauko, ko tari ba ya yi. Shirun ya fara cin sa.

Wata safiya ya daure ya hau har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon fuskar, tsumma a hannu.

"Sannu da zuwa. Kai ba ka san uwar yara ba, ko?"

Ya gyara tsayuwa a kan tsani.

"To, bari in faro maka tun daga ranar da na fara ganin ta."