Kwalliyar Basfata Ta Ja wa Surukina Asarar Damina

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni matashin malamin firamare ne a Kalgo, ban daɗe da aure ba, kuma babu abin da ke cikin kaina sai basfa. Na saye ta a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Ta ɗan sha jiki, amma lafiyarta ƙalau, kiki ɗaya take tashi. Da na bar ta yadda na same ta, da ban zauna yau ina rubuto muku wannan ba.

Abin ya faro ne daga rumfar wani bakanike a bakin tasha. Wanke fulogi kawai ya kai ni. Ya zagaya basfar yana girgiza kai, ya ce mashin a hannun malami guda amma ga shi tsirara, ko madubin kirki babu. Ranar na fito da madubai kamar shagon aski. Bayan su aka ɗaura fitilu kala-kala, aka sa gezar leda a hannuwa, aka kewaye gaba da baya da ƙarafan ado masu ƙyalli. Abin haushin, duk abin da aka ƙara sai wani ya lalace. Ƙananan fitilu suka janye hasken babbar. Aka huda salansa don ta yi ƙara, ta koma shan mai ba ji ba gani. In na koma da ƙorafi sai ya yi murmushi ya ce, “Ƙaramin abu na, Malam,” ya kwance wani abu, ya ɗaura wani. Matata ta ce tun daga kasuwa take jin tahowata, awakin unguwa ma sun san lokacin guduwa. Ni kuwa yabo na ɗauka.

Na ƙarshe shi ne rediyo mai kaset. Ba a sami wurin da akwatinta da batir za su zauna ba sai bayan kujera, inda safayar taya take. Bakaniken ya ce tayoyina sababbi ne, me zan yi da safaya in ba ƙarin nauyi ba. Na bar ta jingine a rumfarsa, na tafi ina kiɗa.

Surukina dattijo ne mai sayar da goro a Kalgo, amma asalinsa mutumin Malisa ne, yana da fadamar gado a can wadda shinkafarta ke riƙe gidansa. Wani maƙwabci ya ci masa iyaka, magana ta kai gaban alƙali a Gwandu, aka hana kowa taɓa gonar sai an yanke hukunci. Ranar zaman ta faɗo dab da saukar damina. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, shi ya sa ya aiko ta bakin ’yarsa ko zan kai shi. Mutum ne mai kunya, bai taɓa neman komai a wurina ba. Na yini ina wanke basfa ina goge madubai, ko sau ɗaya ban duba taya ba.

Da safe ya tsaya ya dubi basfar sama da ƙasa, ya tattare babbar rigarsa ya hau. Mun wuce Birnin Kebbi lafiya. Muna dosar Kambaza na faɗa wani rami, tayar baya ta fashe, muka yi tangal-tangal har cikin ciyawa. Allah ya tsare ba mu faɗi ba. Amma girgizar ta kunna kaset, kiɗan kalangu ya kece a tsakiyar daji, ga surukina a bayana. Ina lalube ina neman kashewa, shi kuma ya yunƙura zai sauka, ƙarfen ado ya kama rigarsa ya tsage ta tun daga aljihu har ƙasa. Sai da na fizge waya kafin kiɗan ya mutu. Ya riƙe yagaggen wurin, ya leƙa bayan kujera, ya ce, “Malam, ina safayar taka?”

Haka muka tura basfar cikin rana. Na roƙe shi ya zauna a inuwa, ya ƙi, ya ce abu mai nauyi haka ba a bar wa mutum ɗaya. A Kambaza aka ce mai faci ya tafi sharar gona. Da aka nemo shi ya ce tif ɗin cikin tayar ya yage, ba ya facuwa. Daga ƙarshe wata motar albasa ce ta ɗauki dattijon, ya isa Gwandu bayan la’asar, kotu ta tashi. Aka ɗage zama. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, fadamarsa tana kwance. Lokacin da aka ba shi gaskiyarsa ciyawa ta kai gwiwa, shuka ta wuce. A shekarar nan gidan da bai taɓa awon hatsi ba sai da ya yi, matata kuma ta daɗe ba ta haɗa ido da ni in an ajiye tuwo.

Na koma wurin bakaniken raina a ɓace. Safayata tana jikin basfar wani. Ko a jikinsa, ya ce ai da na gaya masa doguwar tafiya zan yi, sannan ya soma nuna mini wani sabon hon da aka kawo. Na kama hanyar gida, na ɗauko sifana, na kwance tarkacen nan da hannuna. Surukina bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sai dai duk lokacin da na tarar da shi a hanya na tsaya in rage masa, yakan yi godiya ya ce yana son miƙe ƙafa ne.

Na daina ganin laifin bakaniken, sana’arsa yake yi. Ni ne na manta cewa abin hawa don isa aka yi shi, ba don a kalle ka ba. Matasa masu mashin, ku yi adonku, amma kada ku yarda a cire abin da zai fisshe ku a saka abin da zai burge ’yan bakin titi. Ranar da hanya ta tsayar da ku babu ko ɗaya daga cikin masu kallon nan a wurin. Wanda ya amince ya hau bayanku shi zai biya.