Amshin Goggo

Inna ta daina waƙa ranar da aka binne Goggo. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata a gungu, tsibirin tsakiyar kogi, kafin ruwan dam ya ci garinsu a kwaso su zuwa tudu. Inna tana salla, Goggo tana zuwa coci, amma turminsu ɗaya. In suna surfen gero Inna ce ke ba da waƙa da Gunganci, Goggo na amsawa, taɓarya na bin taɓarya. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen garuruwan da yanzu sai dai jirgi ya bi ta kansu, kuma ba wanda ya rage da su a ka sai Inna.

Na taɓa ɗaukarsu da waya suna daka. Sai aka yi rashin sa'a wayar tana gefen Goggo. Amshinta ya fito tas, muryar Inna kuwa turmi ya danne ta. Da na roƙe ta ta sake yi mini ita kaɗai, sai ta ce, "Waƙa ba amshi kuka ce. Kuka kike so ki ɗauka?"

Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Bandar kifi nake yi a Yelwa, hayaƙi ya gama da idona, sannan na zauna a benci ina koyon baƙi da wasali. Daga yaƙi da jahilci na wuce gaba, ban tsaya ba har na samu aiki a wata cibiyar koyar da kwamfuta, ina shara ina kallon allo. A can na koyi rubuta manhaja da harshen C. Masu dariya sun yi dariyarsu sun gaji. Hannun da ya iya juya kifi a kan wuta bai ƙone ba, madannai ba za su ba shi tsoro ba.

Dabarar da ta zo mini ita ce in yanka amshin Goggo gunduwa-gunduwa, kowane da bugun taɓaryarta. Kwamfuta ta kasa kunne ta makirfo. Da ta ji taɓaryar Inna ta sauka, sai ta saki ta Goggo ta lasifika, tana kuma ɗaukar muryar Inna a lokaci guda. Dole kwamfutar ce za ta bi Inna, don tsufa ya rage mata sauri, ba za ta iya bin tsohon ɗaukar ba.

Matsalar ita ce Inna ba ta zama wuri ɗaya. Mu uku ta haifa. In na ɓata mata rai a Yelwa, ta ɗaure kayanta sai Wara wurin ƙanena, malamin makaranta. In matarsa ta cika gishiri a miya, sai Shanga wurin autarmu, wadda mijinta ke da shagon buga katin biki. A kowane gari akwai kwamfutar tebur da zan iya ara, amma kowace da irin tsarin da ke tafiyar da ita, kuma kowane tsari da yadda yake karɓar sauti da bayar da shi. Ɗaya shi ke kiranka ya ce kawo, in ba ka shirya ba ya wuce. Ɗaya sai ka tura masa yana jira. Na ukun sai ka fara tambayarsa wace na'ura ce a jone, ya lissafo maka har da waɗanda ba sa aiki.

Na ce ba zan rubuta abu ɗaya sau uku ba. Na zauna na gina abin da masu sana'ar ke kira laburare: ƙofa ɗaya a sama, wadda manhajata za ta ce mata buɗe makirfo, buɗe lasifika, fara, tsaya. A ƙarƙashi kuma sassa uku, kowane ya san yadda ake magana da tsarinsa. Damina guda na yi a kai, ina karanta bayanan Turanci da ƙamus a cinya, ina zagin waɗanda suka rubuta su.

Gwajin farko a Shanga aka yi. Muka shigo da turmi bakin shagon, Inna ta ɗaga taɓarya ba da son ranta ba, ta buga. Goggo ta amsa da siririyar murya, da sauri kamar an biyo ta.

Inna ta ajiye taɓarya. "Wagga yarinya ɗiyar wa ce?"

"Goggo ce, Inna."

"Ƙarya kike. Ƙawata ba ta taɓa magana awa ɗan tsako ba."

Gaskiyarta. Kwamfutar Shanga tana cin sauti da sauri fiye da yadda waya ta ɗauke shi, shi ya sa muryar ta tsuke. Na koma na ƙara wa laburaren sashen da zai tambayi kowace na'ura saurinta, ya daidaita sautin kafin ya miƙa mata.

Kafin in gama, Inna ta yi fushi da autarmu ta dawo Yelwa. A cibiya muryar ta fito daidai, ta Goggo sak. Amma amshin yana makara. Kaɗan ne, wanda bai taɓa daka ba ba zai ji ba. Mai daka kuwa ta san in abokiyarki ta makara, taɓare ne za su haɗu a bakin turmi. Inna ta yi baiti biyu ta tsaya.

"Mi ya same ta? Da ranta ba ta taɓa bari na jira ta ba. Kashe abin nan, kina ci mata mutunci."

Wannan maganar ta fi zagi zafi. Na san inda makarar take. Sauti ba ya tafiya a zube, a ɗan mazubi ake ɗibarsa, suna ce masa bafa, kamar ƙwaryar kwarfe ruwa a jirgi. In ƙwaryar babba ce, sai ta cika kafin a miƙa, ga makara. Na rage ta, sai sauti ya fara tsinkewa yana ƙarar soya gyaɗa, don na ɗora wa hannun da ke miƙa ƙwarya aikin ajiye ɗaukar a faifan kwamfuta, shi kuwa faifai ba ya sauri. Na raba aikin biyu. Hannu ɗaya miƙa ƙwarya kawai yake yi, ya zuba a wani zagayayyen mazubi, wani hannun daban ya kwashe ya ajiye a tsanake. Na gwada a Yelwa da muciya a kan benci. Na hau mota na gwada a Shanga. Na gwada a Wara. Ban canja ko layi ɗaya a manhajar sama ba, duka ukun suka amsa a kan kari.

Inna tana Wara lokacin, ƙafa ta fara kumbura, ta ce ba ta sake yi. Ƙanena ma ya goya mata baya.

"Yaya, ki bar ta ta huta. Kuma anya ya dace a riƙa tada muryar mamaci?"

"Kai da ke kwana da rediyo a kunne, rabin mawaƙanka suna ina? Ɗauko mini turmi."

Ranar Asabar ce da hantsi, ba ɗalibai a makarantar ƙanena. Muka fito da lasifika ta tagar ofis, makirfo a kan kujera, turmi a gindin mangwaro. Na zuba gero na ce to, ni zan surfa da kaina, tunda ba mai yi. Na yi bugu uku na ganganci, a karkace, irin wanda na san Inna ba za ta iya kallo ba.

"Ba ni nan, kina ɓata hatsi."

Ta karɓa ta buga. Taɓaryar Goggo ta sauka a bayanta, daidai wurin da take sauka shekara da shekaru. Ta sake bugawa, ta sake sauka. Sai Inna ta buɗe baki.

Ban taɓa jin ta yi waƙar har ƙarshe ba sai ranar. Ta bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya daga arewa zuwa kudu, yadda jirgi ke bin ruwa, Goggo na amsa mata kowane. Inda numfashi ya gaza mata ta tsaya, Goggo ta jira. Ƙanena da ya ce bai dace ba yana tsaye jikin taga, hularsa a hannu. Ni idona na kan allo, ina kallon layin muryar Inna yana tafiya ba tsinkewa.

Da ta gama ta zauna a kan tabarma, ta sa aka bakace geron. Ta ɗebi cikin ƙoƙo guda ta ware gefe, yadda ake ware wa wadda ta taya ki daka.

"Wanga na mai amshi ne," in ji ta. "Ke kika kawo ta, ke za ki kai gidansu. Ki ce ma ɗiyanta uwarsu ba ta makara ba."

Na ɗaure ƙoƙon a gefen zane na kai musu. A makon da ya biyo baya ta yi fushi da matar ƙanena ta tafi Shanga, na bi ta da manhajata, muka ɗauki waƙa ta biyu.